Wa ke riƙe da fayil ɗin mai ciwo uku? Sharhi kan jinyar cututtuka masu daɗewa a Zariya

Ciwo iri biyu ne ke kai baligi asibiti, amma tsarin asibitocinmu iri ɗaya kawai ya iya karɓa da kyau. Akwai ciwon da ke zuwa ya wuce, kamar zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ko karaya, wanda za a gwada, a ba da magani, mutum ya warke har ya manta inda ya ajiye katinsa. Akwai kuma ciwon da idan ya zo ya zo ke nan: hawan jini, ciwon suga, asma, ciwon ƙoda, raunin zuciya, farfaɗiya da ciwon hanta mai daɗewa. Irin wannan lallaɓa shi ake yi shekara da shekaru, kuma nasarar jinyarsa ba a ganinta da ido, domin nasarar ita ce shanyewar ɓarin jikin da ba ta auku ba, da ƙafar da ba a yanke ba, da ƙodar da ba ta kai ga wanki ba. Abin tambaya a Zariya shi ne, wane ne ke da alhakin mai irin wannan ciwo a watannin da yake gida yana harkokinsa, bayan an sallame shi kuma kafin jiki ya sake kwantar da shi?

A ilimin likitanci akwai wanda aka horar musamman domin wannan aiki, wato likitan cututtukan cikin jiki. Ba ya tiyata, ba ya karɓar haihuwa, ba ya duba yara. Fagensa shi ne jikin baligi baki ɗaya, da yadda zuciya da ƙoda da hanta da huhu da jini ke shafar juna idan ɗaya ta samu matsala. A Najeriya, bayan shekara shida a jami'a da shekara guda ta sanin makamar aiki da wata shekarar ta bautar ƙasa, sai mutum ya ƙara kimanin shekara biyar zuwa shida yana samun horo a babban asibiti, ya ci jarrabawar Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma ko ta kwalejin horar da manyan likitoci ta ƙasa da ke Legas, sannan ya zama kwansaltan. A rabin ƙarshe na horon kusan kowa kan zaɓi reshe guda, wani ya zama likitan zuciya, wani na ƙoda, wani na suga, wani na ƙirji, wani na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Inda ƙasashe suka sha bamban shi ne wurin da suke ajiye wannan likita. A Amurka, da yawa daga cikinsu su ne likitocin farko na manya: baligi yana da likitansa na cikin jiki da yake gani shekara da shekaru, shi ke riƙe da tarihinsa, shi ke tura shi wurin ƙwararre idan da buƙata, kuma wurinsa ake dawowa da sakamako. A Ingila kuwa likitan unguwa ne ke wannan aiki, likitan cikin jiki yana asibiti yana jiran wanda aka turo masa. Najeriya ta gaji fasalin Ingila, sai dai ba ta gaji likitan unguwar da kowane gida ya yi rajista da shi ba. Abin da muke da shi hawa uku ne: ƙananan asibitoci a hannun ƙananan hukumomi da hukumar kula da lafiya matakin farko ta jiha, manyan asibitoci a hannun jiha, asibitocin koyarwa akasari a hannun tarayya. A Zariya ana iya ganin hawa ukun da ido, daga asibitin sha-ka-tafi na unguwa, zuwa asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mafi yawan likitocin cikin jiki suna hawa na uku, wato a ƙarshen hanya, alhali yanke shawarar da ta fi tasiri a kan mai hawan jini ana yin ta ne tun a farkon hanya, sau da yawa ma a gaban kantar kemis.

Misali zai fi fito da nauyin abin. A ɗauki dattijo mai shekara sittin a Tudun Wada, yana da hawan jini da ciwon suga, ga kuma ciwon gwiwa da ke hana shi tsayuwar salla yadda yake so. An ɗora shi kan lisinofiril da maganin sa fitsari domin hawan jini, da metfomin domin suga, kuma duk wannan daidai ne. Gwiwa ta dame shi, ya aiki jikansa kemis, aka haɗo masa diklofenak, yana sha safe da yamma har tsawon watanni, domin yana jin daɗinsa. Mai kemis bai san da lisinofiril ba, likitan da ya rubuta lisinofiril bai san da diklofenak ba, shi kuma dattijon bai ɗauki maganin gwiwa a matsayin abin da ya shafi likitan hawan jini ba. Amma waɗannan uku, wato lisinofiril da maganin sa fitsari da diklofenak, idan suka haɗu suna rage jinin da ke ratsa matatar ƙoda, musamman a lokacin zafi ko bayan gudawa, kuma diklofenak da ibufurofen da danginsu suna ɗaga hawan jini da kansu. Sai a ga awon jini ya ƙi sauka, a ƙara masa wani magani, alhali abin da ake buƙata shi ne a cire ɗaya.

Idan ƙodar ta fara rauni, lissafin suga ma ya canza. Metfomin ta ƙoda yake fita, don haka akwai matakin da ake rage shi, akwai kuma wanda ake dakatar da shi gaba ɗaya. Magungunan suga irin su insulin da gilibenkilamaid kan daɗe a jiki fiye da da, har suga ta riƙa faɗuwa. Akwai wani abu mai ruɗi a nan da ya kamata iyalai su sani: mai ciwon suga na shekaru da aka ga sugarsa ta daidaita kwatsam ba tare da ya canza komai ba, ba lallai sauƙi ya samu ba, yana iya yiwuwa ƙodarsa ce ke gazawa. Haka nan lisinofiril kan sa busasshen tari, wanda a garin da ke da asibitin tarin fuka a Saye ba abin mamaki ba ne a fara zargin tibi ko a yi ta shan maganin tari, kuma amlodifin, wani maganin hawan jini, kan kumbura ƙafa, har a zaci zuciya ce. Babu ɗaya cikin waɗannan da yake ɓoyayyen ilimi. Duk likita ya karanta su. Abin da ke sa su kuɓuce shi ne babu mutum ɗaya da ke ganin jakar magungunan baki ɗayanta.

Ko a babban asibiti ma matsalar ba ta ƙarewa, sai dai ta sauya kama. Mai ciwo uku yana iya samun kilinik uku a ranaku uku, kowane da layinsa da kuɗin motarsa da gwaje-gwajensa, kuma kowane ƙwararre yana yin abin da ya dace da gaɓar da ke gabansa. Abin ya yi kama da gini da aka kira magini da mai waya da mai famfo, kowa gwani a aikinsa, amma babu wanda ke riƙe da zanen gidan. A ganina babban amfanin likitan cikin jiki ba yawan cututtukan da ya sani ba ne, ikon da yake da shi ne na cewa wannan ya fi gaggawa, wancan ya jira, wannan magani a bar shi, wannan gwaji ba zai canza komai ba don haka kada a kashe masa kuɗi. Ga mutumin da kuɗin maganinsa na wata ba zai sayi duk abin da aka rubuta ba, wannan tantancewa ita ce jinyar kanta, domin idan likita bai zaɓa masa ba, aljihunsa zai zaɓa, kuma aljihu maganin da ke kashe zafi yake zaɓa, ya bar wanda ke kare ƙoda.

Hawan jini shi ne ya fi kowane ciwo nuna buƙatar bibiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya biliyan 1.28 masu shekara 30 zuwa 79 ke ɗauke da shi, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma kimanin ɗaya cikin biyar ne kawai aka shawo kan nasu. Iyakar da ake aiki da ita ita ce 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya. Tun da ba ya ciwo, mutum kan sha magani wata biyu, a auna a ce ya sauka, ya ce alhamdu lillahi na warke, ya ajiye. Ba jahilci ba ne, hankali ne da aka gina kan zazzaɓi, inda ƙarewar alama ke nufin ƙarewar ciwo. Wanda zai iya sauya wannan fahimta shi ne wanda maras lafiya ya saba da fuskarsa, ya gan shi sau biyar sau goma, ba baƙon likitan da ke da mutum sittin a bakin ƙofa ba. Haka mai suga yake buƙatar a duba idonsa da tafin ƙafarsa da fitsarinsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yana jin garau, kuma gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin suga na kusan wata uku yana iya ba da amsar da ba daidai ba ga mai sikila ko mai ƙarancin jini, abin da ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar Hausa.

Zariya tana da tarihi a wannan fage da ya cancanci a tuna. A shekarun 1970, Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson, a sashen cututtukan cikin jiki na Jami'ar Ahmadu Bello, sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, har aka ƙiyasta kusan mace ɗaya cikin ɗari, adadin da ya zarce na yawancin sassan duniya nesa ba kusa ba. Ba su tsaya ga abin da suke ji a ƙirji ba, sun bincika abin da ke faruwa a ɗakin mai jego, suka danganta yawan ciwon da kunun kanwa, wanda ke cike da sinadarin da ke cikin gishiri, da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, musamman a watannin zafi. Binciken baya ya nuna cewa ciwon yana da wasu dalilai ban da waɗannan, ciki har da gado da hawan jini, amma hanyar da suka bi ita ce abin lura. Likitan da bai san abin da ake ci da sha a gidan maras lafiya ba, rabin tarihin kawai ke hannunsa. A yau tambayar ta koma kan dunƙulen magi nawa ake jefawa a tukunya, tun da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada gishirin yini ya kai giram 5, da kan magungunan ƙiba masu ɗauke da deksametazon da wasu mata ke sha, waɗanda ke ɗaga suga da jini, da kan jiƙe-jiƙen da ake haɗawa da maganin asibiti ba tare da an faɗa ba. Mutum ba ya faɗin irin waɗannan sai ga wanda ya yarda ba zai yi masa faɗa ba.

Azumi ma wuri ne da ake gane amfanin likita ɗaya mai bibiya. Shari'a ta yi wa maras lafiya rangwame, amma galibin masu suga suna son yin azumi, kuma da yawansu za su iya idan an shirya. Shirin a Rajab ko Sha'aban ya kamata a yi shi, a duba ƙoda, a sauya lokutan magani zuwa buɗa-baki da sahur, a rage ko a canza irin su gilibenkilamaid da ke saurin kayar da suga, a kuma yi yarjejeniya cewa idan awon suga ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300 za a karya. Akwai kuma waɗanda gaskiya ita ce kada su ɗauka, kamar mai raunin ƙoda da ya yi nisa, balle a shekarun da azumi ya faɗo cikin bazarar Zariya. Wannan magana mai nauyi ce ga dattijon da bai taɓa shan azumi ba tun balagarsa, kuma ba zai karɓe ta daga bakin wanda yau ya fara ganinsa ba.

To, shin mafita ita ce a kwaikwayi Amurka, kowane baligi ya samu likitansa na cikin jiki? Lissafi bai yarda ba. Likitocin ba su da yawa, waɗanda ake horarwa kuma wani kaso nasu na tafiya Ingila da Saudiyya da Kanada, sauran suna ɗauke da gadajen kwanciya da koyar da ɗalibai da marasa lafiyar da ke zuwa Shika daga Katsina da Zamfara da Neja. Idan aka ce su zauna suna auna hawan jinin da bai rikice ba, an yi asarar horon shekara goma sha biyu. Ban da haka, akwai fannin likitan iyali, wanda shi ma horo ne cikakke da aka tsara domin matakin farko, kuma masu wannan fanni suna da hujja idan suka ce aikin nasu ne. Gardamar wane fanni ya fi cancanta ba ta da amfani sosai ga mutumin Giwa ko Soba da ba ya samun ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da ya fi kusa da yiwuwa shi ne a raba aikin bisa nauyinsa, likitan cikin jiki ya zama mai tsarawa da sa ido. Najeriya ta amince da manufar miƙa wasu ayyukan likita ga nas-nas da malaman lafiya na al'umma tun 2014, kuma hawan jini marar rikici yana cikin abin da za a iya bi da ƙa'ida rubutacciya: a fara da wannan, idan bayan wata guda bai sauka ba a ƙara wancan, idan an ga kaza a tura gaba. Akwai ma hujjar da aka samo a nahiyarmu kan abin da ya kamata a rubuta a ƙa'idar. Binciken da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa haɗin magani biyu da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata fiye da haɗin da babu shi. An kuma gwada jinyar hawan jini a hannun malaman lafiya a ƙananan asibitoci 60 na Babban Birnin Tarayya. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma manufarta ita ce kowace mazaɓa ta samu asibitin matakin farko mai aiki. Idan kowane ɗayansu yana da na'urar awo mai kyau, da rajistar masu hawan jini da suga, da likitan da ke duba rajistar lokaci-lokaci yana ɗaga waya idan an kira shi, to mai ciwo ɗaya ya tsaya a unguwarsu, mai ciwo uku da ƙodarsa ta fara motsi ya samu gurbin da ya dace da shi a wurin kwansaltan.

Ba sabon abu ba ne a wurinmu, domin an riga an yi shi da cuta mai karya garkuwar jiki. Tun tsakiyar shekarun 2000 aka gina kilinik-kilinik inda kowane maras lafiya ke da lamba da fayil, akwai mai ba da shawara kan shan magani, ana ba da maganin wata uku ko fiye a lokaci guda, kuma wanda bai zo ranarsa ba ana kiransa a waya ko a bi shi gida. Sakamakon shi ne mutane na rayuwa shekara ashirin da cutar da a da ake ɗauka hukuncin kisa ce. Bambancin da ba za a ɓoye ba shi ne kuɗin wancan tsari daga waje ya zo, maganin kuma kyauta ne.

Kuɗi kuwa shi ne inda duk wani tsari ke tuntuɓe. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin matakin farko, dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, Jihar Kaduna kuma tana da hukumarta ta inshorar lafiya, KADCHMA, amma ɗan kasuwar Sabon Gari da manomin albasa da mai ɗinkin hula akasarinsu har yanzu da hannunsu suke biya. Bayan faɗuwar darajar naira a 2023 da janyewar kamfanin magunguna na GSK daga sayar da kayansa kai tsaye a ƙasar, farashin abin shaƙa na asma da insulin da wasu magunguna ya yi tashin da ya sa mutane ke tsallake kwana ko raba ƙwaya biyu. Duk da haka, amlodifin da metfomin marasa tambarin babban kamfani suna cikin magunguna mafiya araha, alhali wankin ƙoda, wanda ƙa'idarsa sau uku ne a mako, kowane zama kusan awa huɗu, ya cinye gonaki da filaye a gidaje da dama kafin a kai wata shida. Likitan da ya san halin maras lafiyarsa zai rubuta abin da za a iya saye kowane wata har shekara goma, ko da akwai wanda ya fi shi a littafi.

Mahaɗin da ya fi rauni a wannan sarƙa ita ce takardar dawowa. Muna da al'adar tura maras lafiya sama da takarda, amma da wuya a ga an dawo da shi ƙasa da takarda, shi ya sa wanda ya taɓa shiga kilinik ɗin babban asibiti yakan zauna a can har abada, layi na ƙara tsawo, ko kuma ya gaji da kuɗin mota ya ɓace gaba ɗaya. Takardar ba ta buƙatar wuce shafi guda: sunayen cututtukan, magungunan da yawansu, waɗanda aka hana shi sha da dalili, awon da ake son a kai, sakamakon gwajin ƙoda na ƙarshe da ranar da za a maimaita, da alamomin da idan an gani za a dawo da shi ba tare da jira ba. Kafin asibitoci su mayar da wannan ƙa'ida, iyali na iya riƙe rabin aikin da littafi ɗaya da ake rubuta kowane awo da kwanan wata, da jaka ɗaya da ake zuba duk abin da dattijo ke sha, har da na kemis da na gargajiya, a ajiye ta a kan teburin likita a kowane zuwa.